Mai gona da abin da ke ƙarƙashin gonarsa: hayar haƙar man fetur, haɗin tilas da matsayin jahar Difa

0. Gabatarwa

Ranar 28 ga watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, arewa da birnin Damagaram, kuma tun daga ranar Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo man fetur. Ɗanyen man da ake tacewa a wannan matata, da wanda aka fara fitarwa waje ta bututun Benin a 2024, duka daga yankin Agadem suke fitowa, cikin gundumar Ngurti ta jahar Difa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin garin Difa, ko manomin tattasai na bakin Komadugu, ya nemi sanin rabonsa cikin dukiyar da ake ɗiba a jaharsa. A Amurka amsar wannan tambaya tana cikin takardar da mai gona da kansa ya sa wa hannu bayan ya yi ciniki da kamfani. A Nijar babu irin wannan takarda, kuma doka ba ta ba da damar a yi ta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake cinikin hayar haƙar mai a inda mai gona ke da abin da ke ƙarƙashin gonarsa, da yadda hukuma ke tilasta wa wanda ya ƙi shiga, sa'an nan mu ɗauki wannan ma'auni mu auna tsarin Nijar da shi. Abin da muke son nunawa shi ne, tilas ɗin da ake yi wa mutum guda a Amurka bayan ya ƙi ciniki, dokar Nijar ta riga ta yi wa jama'a baki ɗaya tun kafin a kafa rijiya ta farko. Abin da ya rage a bincika a Difa shi ne ko an cika sharuɗɗan da ke sa irin wannan tilas ya zama adalci.

1. Kalmomin aiki

Da yake an rubuta dokokin da za mu ambata da Faransanci ko Ingilishi, ya kamata mu fara daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su.

Saman ƙasa: gona, makiyaya, gida da rijiyar ruwa, wato abin da ɗan Adam ke nomawa, ya yi kiwo, ya yi gini a kansa.

Ƙarƙashin ƙasa: ma'adinai, man fetur da iskar gas.

Tafkin mai: wurin da mai ya taru a ƙarƙashin ƙasa. Ba buɗaɗɗen ruwa ba ne irin na tafkin Cadi. Dutse ne mai ƙananan kafofi kamar soso, mai na kwance cikinsu, yana kuma gudu zuwa duk inda aka huda.

Hayar haƙa: yarjejeniyar da mai haƙƙin ƙarƙashin ƙasa ke ba kamfani izinin bincike da haƙa na wani wa'adi.

Kason mai ƙasa: rabon da mai haƙƙin ke karɓa daga man da aka fitar, tun kafin a cire kuɗin aiki.

Haɗin tilas: umurnin hukuma na haɗa filaye ko izini da yawa da ke kan tafkin mai guda, a haƙa su tare, a raba amfanin, ko da wani daga cikin masu su bai yarda ba.

2. Tsarin Amurka

2.1. Cinikin haya

Amurka na cikin ƴan ƙasashe ƙalilan da mutum ke iya mallakar man da ke ƙarƙashin filinsa. Yana iya sayar da saman ya riƙe ƙarƙashin, ko ya sayar da ƙarƙashin ya ci gaba da nomansa. Idan kamfani ya hango mai a wani yanki, sai ya aiki wakili gida-gida da takardar da lauyoyinsa suka riga suka tsara. Abubuwa biyar ake ja-in-ja a kansu.

Na farko shi ne kuɗin sa hannu, wanda ake biya sau ɗaya bisa girman filin, a samu mai ko kada a samu. Na biyu wa'adi, yawanci shekara 3 zuwa 5. Idan kamfani bai haƙa ba cikin wannan lokaci haya ta mutu, idan kuwa ya samu mai, tana ci gaba muddin rijiya na bayarwa, ko da shekara 50 ne. Na uku kason mai ƙasa. Tun daga ƙarni na 19 al'ada ta tsaya a kan ɗaya bisa takwas, wato kashi 12,5 cikin ɗari, amma inda kamfanoni ke rububi yakan kai ɗaya bisa biyar ko ɗaya bisa huɗu. Na huɗu shi ne abin da za a cire kafin a biya wannan kaso. A nan ne rigima ta fi yawa a kotuna, domin takarda na iya cewa ɗaya bisa takwas, amma bayan an cire kuɗin sufuri da na tsabtace iskar gas, abin da ke isa hannun mai gona ya ragu ƙwarai. Na biyar kariyar saman ƙasa: nisan rijiyar mai daga gida da ruwan sha, hanyar da manyan motoci za su bi, da gyaran fili bayan an gama aiki.

Ƙarfin mai gona a duk wannan ciniki daga abu guda yake fitowa, wato yana iya cewa a'a. Haɗin tilas kuwa wannan ƙarfi ne yake taɓawa.

2.2. Asalin haɗin tilas

Bayan rijiyar da Edwin Drake ya haƙa a jihar Pensilbaniya a 1859, kotunan Amurka sun rasa dokar da za su yi hukunci da ita a kan dukiyar da ke gudu a ƙarƙashin iyakokin gonaki. A 1889 babbar kotun wannan jiha ta kwatanta mai da iskar gas da naman daji: na wanda ya kama ne, ko daga gonar wa ya fito. Sakamakon haka, idan maƙwabcinka ya haƙa rijiya a bakin iyakarku, ba ka da wata hanyar kare kanka sai ka haƙa taka, ka riga shi zuƙewa.

Masu noman rani a kwarin Komadugu sun san irin wannan hali. Idan kowa ya huda ƙasa ya sa injin ban-ruwa kusa da na ɗan'uwansa, ruwa guda suke ja, kuma mai babban inji shi ke barin na kusa da shi da ƙishirwa. Ga mai, ɓarnar ta fi haka, domin yawan huda na sauke ƙarfin iskar da ke turo shi sama, har a bar mafi yawansa a ƙasa ba mai iya fitar da shi. Haka ta faru a gabashin Teksas bayan gano mai a 1930: aka haƙa dubban rijiyoyi, farashin ganga ya faɗi zuwa wajen santi 10 a 1931, har gwamnan jihar ya tura soja suka rufe rijiyoyin.

Maganin da aka samo shi ne a ƙayyade rijiya guda ga kowane yanki mai girman da hukuma ta yanke, galibi hekta 16 ga mai, hekta 259 ga iskar gas. Amma wannan ya haifar da wata matsala: mai hekta biyu ba zai taɓa samun izinin haƙa ba, kuma mutum guda da ya ƙi sa hannu yana iya hana maƙwabtansa ashirin cin amfanin nasu. Daga nan haɗin tilas ya fito. Wasu garuruwan jihar Kansas suka fara shi a 1927, jihohin Oklahoma da Niyu Meziko suka sa shi cikin dokokinsu a 1935, Teksas ta bi baya a 1965. Yawancin jihohi masu haƙar mai suna da irin wannan doka.

2.3. Yadda ake yin sa, da sharuɗɗansa

Kamfani ne ke kai buƙata gaban hukumar mai ta jiha, ya nuna cewa ya yi wa mai ƙin tayi na gaskiya. Wasu jihohi sun sa sharaɗin yardar wani kaso na masu filayen. Dokar Kolorado ta 2019, alal misali, ta nemi yardar masu fiye da kashi 45 cikin ɗari. Sai a aika wa kowa sammaci, a yi zama, hukuma ta yanke. Wanda aka haɗa da tilas akan ba shi zaɓi: ko ya zuba nasa kuɗin aikin ya zama abokin tarayya, ko ya karɓi haya bisa sharaɗin da hukuma ta ga ya dace, ko ya bar kamfani ya ɗauki nauyinsa, a cire kuɗin aikin da ƙarin tara daga rabonsa kafin ya fara karɓa cikakke.

Rabo kuwa lissafi ne da kowa ke iya yi. Mu ɗauka yankin hekta 260 ne, mutum yana da 13 a ciki. Nasa ɗaya bisa ashirin ke nan. Idan kason mai ƙasa ɗaya bisa takwas ne, to ganga ɗaya cikin kowace 160 tasa ce, ko rijiyar na cikin gonarsa ko ba ta ciki.

Masu filaye da yawa a Amurka na ganin wannan doka ta fi amfanar kamfanoni, tun da wakilin kamfani na iya tsorata mai gona da ita tun a zaman farko. Duk da haka kotuna sun amince da ita saboda sharuɗɗa uku: (a) a sanar da mutum, a saurare shi kafin a yanke, (b) a ba shi kaso sananne gwargwadon abin da aka haɗa nasa, (c) ya iya bin lissafin, ya kai ƙara idan an tauye shi. Waɗannan uku su ne ma'aunin da za mu koma gare shi a sashe na 5.

3. Tsarin Nijar

3.1. Wa ke da ƙarƙashin ƙasa?

A Nijar ƙarƙashin ƙasa na hannun gwamnati, kuma wannan ƙa'ida tana da saiwa uku. Ta farko fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a Barno da ƙasar Hausa: mashahurin zance a mazhabar, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Halil, shi ne hukuncin ma'adini na ga shugaba, ko da a filin wani mutum sananne aka same shi. Ta biyu al'adar yankin kanta. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 a kan gishiri da kanwa, ya nuna cewa a zamanin daular Barno wuraren kanwa da mangul na ƙasar Manga suna ƙarƙashin masu sarauta, masu aikin kuma suna ba da kaso daga abin da suka fitar. Ta uku dokar ma'adinai ta Faransa ta 1810, wadda ta sa izinin haƙa a hannun hukuma. Mulkin mallaka ya kawo wannan ra'ayi, jamhuriya ta gaje shi.

Dokar man fetur mai lamba 2007-01 ta 31 ga Janairu 2007, da mai lamba 2017-63 ta 14 ga Agusta 2017 wadda ta maye gurbinta, duka sun tabbatar da cewa man da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda aka gano da wanda ba a gano ba, na gwamnati ne, kuma ko mai filin kansa ba ya haƙa sai da izini. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara abubuwa uku: aya ta 148 ta ce dukiyar ta al'ummar Nijar ce, ta 150 ta wajabta buga yarjejeniyoyin da kuɗin da kamfanoni suka biya cikin jaridar gwamnati, ta 152 kuma ta ce a raba kuɗin shiga tsakanin baitulmalin ƙasa da ƙananan hukumomi. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Idan muka fassara wannan da kalmomin sashe na 2, ƙasar Nijar duka yanki guda ce da aka haɗa, mai haya guda ne, shi ne gwamnati, kuma ita kaɗai ke zama a teburin ciniki da sunan kowa.

3.2. Cinikin Agadem

Tun daga shekarun 1970 kamfanoni irin su Texaco, Elf, Esso da Petronas suka yi bincike a gabashin Nijar, aka gano mai a Sokor, Gumeri da Agadi. Ba a haƙo shi ba saboda nisan teku da tsadar bututu. Gwamnatin Mamadou Tandja ta sa gina matatar mai a cikin gida ya zama sharaɗi, kuma kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya karɓa. A watan Yuni 2008 aka sa hannu a kan yarjejeniyar raba amfani, tare da kuɗin sa hannu dalar Amurka miliyan 300. Aka shimfiɗa bututu mai kilomita 462 zuwa matatar SORAZ, wadda ke iya tace ganga 20.000 a rana, CNPC na da kashi 60 na jarinta, Nijar na da 40. Mataki na biyu, wanda aka aza harsashinsa a 2019, shi ne bututu mai kusan kilomita 2000 daga Kulele zuwa tashar Seme ta Benin, don fitar da ganga 90.000 a rana. Jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayu 2024.

A lokacin hukumomi sun ce rabon Nijar kashi 25,4 cikin ɗari ne na man da ake fitarwa. Ga yadda wannan adadi ke fitowa daga ganga 100:

- kason mai ƙasa, kashi 12,5: ganga 12,5; saura 87,5;
- man maido da kuɗin aiki, iyakarsa kashi 70 na sauran: ganga 61,25; saura 26,25, shi ne man riba;
- rabon gwamnati daga man riba, kashi 40: ganga 10,5; saura 15,75;
- jarin gwamnati na kashi 15 cikin kamfanonin da ke aikin: wajen ganga 2,4.

Jimilla ganga 25,4 ke nan. Abubuwa biyu ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, kason mai ƙasa da Nijar ta karɓa shi ne ɗaya bisa takwas ɗin nan na tsohuwar al'adar Amurka. Na biyu, kaso mafi girma yana tafiya ne wajen maido da kuɗin aiki, kuma rabon gwamnati ba ya hawa sai an gama biyan jarin. Ashe ke nan wanda ke riƙe da littafin kashe kuɗi shi ke riƙe da rabon kowa. Matsalar da ke kai manomin Oklahoma kotu, wato abin da ake cirewa kafin a biya, ita ce ke gaban ma'aikatar man fetur a Yamai, sai dai a nan lissafin na biliyoyin daloli ne.

Har ila yau, ciniki ba ya ƙarewa ranar sa hannu. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da ruwan kashi 7 cikin ɗari, a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda. A watan Maris 2025 kuma ta kori manyan shugabanni uku ƴan ƙasar Sin na kamfanonin mai, tana mai kafa hujja da bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Mai bashi a wuyansa da mai korar abokin ciniki duk mutum guda ne, kuma wannan ya nuna iyakar ƙarfinsa da kuma inda ƙarfin yake.

3.3. Haɗin tilas tsakanin kamfanoni

Haɗin tilas da sunansa yana cikin dokar Nijar, amma tsakanin masu izini. Yarjejeniyar bincike na tilasta wa kamfani ya mayar da wani ɓangare na yankinsa bayan kowane wa'adi. Daga abin da CNPC ya mayar ne kamfanin Savannah na Ingila ya samu yankunan R1 da R2 a 2014, da R3 da R4 a 2015, ya kuma gano mai a rijiyoyi biyar a 2018. Da zarar kamfanoni sun yi iyaka da juna, tafki guda na iya ratsa izini biyu. Doka ta tanadi cewa a irin wannan hali su ƙulla yarjejeniyar haɗa aiki, su naɗa mai gudanarwa guda, su raba amfani bisa abin da ke ƙarƙashin kowane izini.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Ingila da Norwe sun haɗa tafkin iskar gas na Frigg da yarjejeniyar 1976. Nijeriya da Sawo Tome sun kafa yankin tarayya a teku a 2001, kashi 60 da kashi 40. Wannan ya shafi jahar Difa kai tsaye, domin shimfiɗar duwatsun da ke ɗauke da man Agadem ta miƙe har cikin Cadi, kuma Nijeriya ta daɗe tana bincike a nata ɓangaren na yankin tafkin Cadi, a jihar Barno, wadda Komadugu ce kawai ta raba ta da Difa.

4. Abin da ya rage wa mutanen jahar

Man da ake haƙowa ba a kwarin Komadugu yake ba. Yana can arewa da nisan ɗaruruwan kilomita, kuma bututun biyu ba su bi ta garin Difa ba. Alaƙar jama'ar jahar da shi ta hanyoyi uku ce.

4.1. Diyyar saman ƙasa ga manoma

Idan aikin mai ya buƙaci filin wani, don hanya, bututu ko sansani, kamfani na neman yardar mai filin. Idan ba a daidaita ba, gwamnati na karɓe filin saboda amfanin jama'a, bisa doka mai lamba 61-37 ta 1961 da gyaranta mai lamba 2008-37 ta 2008, wadda ta ce a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. A nan manomi na da makami guda: dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da haƙƙin da ke rubuce, ta kuma kafa hukumomin filaye, waɗanda aka sani da Kofo, daga gunduma har ƙauye. Su ke ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, haya, aro da jingina.

Muhimmancin wannan takarda ya ƙaru a kwarin tun bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana cinikin tattasai da kamun kifi na tsawon lokaci, ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun tashi sun koma gefen babbar hanya mai lamba 1. Gonar da mai ita ya bari shekaru, bulaman da ya san iyakarta ya rasu ko ya yi ƙaura, tana da wuyar karewa ranar da wani aikin gwamnati ya zo ƙidayar masu diyya.

4.2. Makiyaya

Inda rijiyoyin suke, matsalar ta fi tsanani. Doka mai lamba 61-05 ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta kuma yankin kiwo ne da ke hannun gwamnati. Tubawa, Larabawa da Fulanin gundumar Ngurti ba su da gona da za a auna. Abin da doka ta san musu, ta dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, shi ne haƙƙin fifiko a kan mazauninsu na asali da rijiyoyinsu, wanda ba a raba su da shi sai don amfanin jama'a kuma da diyya. Amma haƙƙin da ba a rubuta ba, kuma mai shi yana tafe da raƙumansa, ba ya shiga lissafin mai auna fili da sauƙi. Yadda ƙarƙashin ƙasa ke rinjayar samanta ya fito fili a gandun dajin Termit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012: a 2019 gwamnati ta sake shata iyakarsa don fitar da yankunan mai daga cikinsa.

4.3. Kashi 15 na ƙananan hukumomi

Wannan shi ne abin da ya fi kama da kason mai ƙasa. Dokar 2007 ta ce a raba kuɗin mai kashi 85 ga baitulmalin ƙasa, kashi 15 ga ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa a cikinta, dokar 2017 kuma ta riƙe wannan rabo. Jahar Difa na da ƙananan hukumomi 12, ciki har da na kwarin: Difa, Shetimari, Geskeru, Boso da Maine-Sorowa. Ta wannan ƙofa ce manomin tattasai ya zama mai rabo a man Agadem.

Sai dai kashi 15 ɗin ba daga dukan rabon gwamnati ake cire shi ba. Daga kason mai ƙasa ne, da kuɗin izini, da harajin girman fili. Man riba ba ya ciki. Idan muka koma ga ganga 100 ɗinmu, kashi 15 na 12,5 bai kai ganga 2 ba. Don kwatanci, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba jihohi masu mai aƙalla kashi 13 na kuɗin da aka samu daga albarkatunsu, dokar mai ta 2021 kuma ta ƙara asusun al'ummomin da ke zaune a wurin haƙa, na kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani. Bugu da ƙari, kuɗin Difa sai sun shiga baitulmali a Yamai kafin su dawo, kuma ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun sha kokawa a kan jinkirin biya da tarin bashi. Zanga-zangar da matasan Difa suka yi a 2013 a kan ɗaukar ma'aikata a kamfanonin mai ta nuna cewa inda kaso bai iso ba, jama'a kan nemi rabonsu ta wata hanya.

5. Auna tsarin da sharuɗɗa uku

Sharaɗin sanarwa da sauraro. A Amurka ana kiran mutum da sunansa. A Nijar gwamnati ke ciniki, jama'ar wurin kuma ana jin ta bakinsu ne a taron binciken illar aiki ga muhalli, bayan an riga an ba da izini. Zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda su ne muryar da ta fi kusa, an rushe su a watan Afrilu 2024, aka naɗa masu riƙo.

Sharaɗin kaso sananne. Wannan an cika shi a rubuce, tun da kashi 15 na cikin doka. Rauninsa biyu ne: tushen lissafin ƙarami ne, kuma doka ta ba jaha ne a dunƙule, ba ta bambanta makiyayin da aka kafa sansani a bakin rijiyarsa da mazaunin gari mai nisa ba.

Sharaɗin bin lissafi. Nijar ta shiga shirin duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, wato ITIE, a 2007, ta fita a 2017, ta koma a 2020. Rahotannin shirin da jaridar gwamnati da Faransanci ake buga su. Magajin garin da bai san yawan gangar da aka fitar da farashinta ba, ba ya iya cewa an ba shi daidai ko an rage masa, balle ya kai ƙara.

6. Kammalawa

Mun ga cewa haɗin tilas ya samo asali ne daga halin mai kansa, wanda ba ya tsayawa a iyakar gona, kuma mallakar gwamnati wata hanya ce ta warware wannan matsala, wadda ta hana Nijar irin ɓarnar gabashin Teksas. Ba mu ganin mafita ce a mayar wa kowane mai fili ƙarƙashin filinsa. A yankin da yawancin ƙasar makiyaya ce ta tarayya, hakan zai amfani masu takarda ne kawai. Abin da kwatancin ya koya mana shi ne, wanda aka hana cewa a'a yana bin bashin abu uku, kuma a jahar Difa na biyu kaɗai aka rubuta sosai.

Daga nan ayyuka uku suka fito. Na farko, hukumomin Kofo su hanzarta rubuta gonakin kwarin Komadugu, musamman na waɗanda suka yi gudun hijira, da mazaunai da rijiyoyin makiyayan Ngurti, tun kafin sabon izini ya iso. Na biyu, a riƙa bayyana kowace shekara yawan kason mai ƙasa da aka karɓa, da kashi 15 ɗinsa, da abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu da ranar da ta samu. Na uku, a fassara muhimman ayoyin dokar 2017 da lissafin sashe na 3.2 zuwa Barbarci, Tubanci, Fulatanci, Larabci da Hausa, a karanta su a gidajen rediyon jahar. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, don haka aikin daidaita kalmomin da muka fara a sashe na 1 yana jiran malamai da ɗalibai masu bincike a fannin doka, tattalin arziki da harshe su ɗauke shi tare.